Zumunta a Ƙafa Take, To In Hanya Ta Ƙi Fa?

Gaisuwa ga mutanen Madawa da Bangi da Sabon Gida da Galma da Urno da Azarori. Gaisuwa ga na Buza da Karofan da Tabotaki da Allakai da Babban Katami da Tama da Dewule, haka nan na Keita da Tamaske da Garhanga da Ibohaman. Ba mu manta da 'yan uwanmu da ke ci-rani ba, waɗanda ake tura wa wannan shiri ta waya.

Sharhinmu na yau a kan wata matsala ce wadda mutum ba ya ganin girmanta sai ranar da ta faɗo masa. An sa ranar auren abokinka, an kawo maka goro ka ci. Ka ce masa, "In Allah ya kai mu, ni zan riga kowa isowa." Tela ya gama anko, ka haɗa gudummawa, ka yanki tikiti. Ana saura kwana biyu sai magana ta sake. Ko ruwa ya yanke hanya, ko an rufe iyaka, ko mota ta ƙi samuwa, ko kuma daga can gidan biki aka matsar da ranar. To me ya kamata ka yi? Shi kuma ango, yaya ya kamata ya ɗauke ka?

Bari in faɗi ra'ayina tun da fari, sannan in kawo hujja. Fasa tafiya kaɗai ba ya kashe abota. Abu biyu ke yi mana ɓarna. Na farko kunyar da ke sa mutum ya jefa ransa cikin haɗari don gudun kada a ce bai zo ba. Na biyu shirun da mutum ke yi, ko ƙaryar da yake shirgawa, in ya tabbata ba zai iso ba. Ɗaya na cin rai, ɗaya na cin amana.

Wannan magana ta fi shafarmu, mu mutanen Adar da kwarin Tarka, saboda ƙasarmu ƙasar ci-rani ce tun kakanni. Da an gama girbi an kai gero rumbu, samari sun ɗaure kaya. Wani Abijan, wani Kwatano ko Lome ko Akara, wani Kano ko Legas, wani Kamaru, wani ya bi ta Agadas ya nufi Libiya ko Aljeriya. Daga 2014, da aka gano zinariya a Jado da Cibarakatan, wasu suka karkata can. Ga ɗalibai da ma'aikata a Yamai da Tawa da Maraɗi. Samarin da suka yi kiwo tare, suka yi karatun allo gaban malami ɗaya, yau kowa da ƙasar da yake kwana. Abin da ke tara su bai wuce damina da salla da aure ba. Shi kansa auren da gumin ci-ranin ake yinsa, tun daga sadaki da lefe har ginin ɗaki.

Shi ya sa bukukuwanmu ke cunkushewa a wasu lokuta sanannu: bayan kaka in rumbu ya cika, cikin Sha'aban gab da azumi, bayan ƙaramar salla, sai kuma gab da faɗuwar damina, lokacin da manoman albasa suka sayar, 'yan ci-rani kuma suna komowa gida noma. A waɗannan lokuta ne motoci suka fi cika, 'yan kamasho suka fi tsauri, kuɗin mota ya fi tashi. Kowa na son tafiya rana ɗaya, hanya kuwa ɗaya ce.

Kuma kowa ya sani abokin ango ba kallo yake zuwa yi ba. Babban aboki shi ke riƙe da aljihun ango. Shi ke karɓar gudummawar samari, shi ke sallamar maroƙa da makaɗa, shi ke neman motar ɗaukar amarya, shi ke ciniki da ƙawayen amarya wurin sayen baki, shi ya san inda kowane baƙo zai kwana. In irin wannan mutum bai iso ba, aiki ne ya rasa mai yinsa. Don haka ɓacin ran ango yana da tushe, kada mu raina shi.

To me ke sauya wa mutum tafiya a wannan yanki namu?

Na farko ruwa. Baƙo zai yi mamaki a ce ruwa na hana tafiya a ƙasar da ake kukan fari. Amma duk wanda ya tashi daga Madawa ya bi ta Buza, ya ratsa Keita ya faɗa Tawa, ya san yadda ƙasar take: tudun dutse, sai gangare, sai kwari, sai a sake hawa. Dutse ba ya shan ruwa. In an yi ruwa bisa tudu gaba ɗaya yake gangarowa, ya taru cikin ƙoramu, ya nufi Magiya ko Tarka ko kwarin Keita. Ƙoramar da ka ratsa da hantsi ƙura na tashi, kafin la'asar ta fi ƙarfin babbar mota. Abin da ya fi ruɗar matafiyi shi ne ba lalle sai an yi ruwan a inda yake ba. Sama na iya zama garau a kansa, ruwan da aka yi can nesa ya iso ya same shi tsakiyar rairayi. Wannan gudun ruwa da zaizayar ƙasa na cikin abin da ya sa aka kafa babban aikin raya karkara na Keita a 1984, da kuɗin Italiya da hannun hukumar FAO. An yi madatsun ruwa, an haƙa ramuka bisa tuddai, an dasa miliyoyin itatuwa, an buɗe hanyoyin karkara. Aikin ya yi amfani, amma har gobe ƙorama na cika cikin Yuli da Agusta.

Daminar 2024 ta isa ishara. A waccan shekara ambaliya ta ci rayuka fiye da 300 a faɗin Nijar, ta shafi mutane fiye da miliyan ɗaya, har gwamnati ta ɗage komawa makarantu zuwa 28 ga Oktoba. Cikin watan Agusta ruwa ya haye babbar hanya a ƙofar Yamai, babban birni ya yi kwanaki a yanke da gabashin ƙasa, mutane na ƙetarewa da kwale-kwale. Wanda ya yanki tikitin Madawa a wannan mako, tafiyar kusan kilomita 500 ta tsaya masa tun bai yi nisa da gari ba. A cikin wannan wata ne kuma, a nan jiharmu ta Tawa, ruwa ya tafi da motoci biyu cike da fasinjoji, gomman mutane suka rasu. Allah ya jiƙansu.

Na biyu iyaka. Turawan Faransa da na Ingila ne suka shata ta tsakanin 1898 da 1906, ba su kuwa tambayi wa ke auren 'yar wa ba. Bagobirin Bangi na da kawu a Sabon Birni, ɗan Madawa na da aboki a Illela da Sakkwato. Cikin 'yan shekarun nan an sha rufe wannan ƙofa ba tare da an ba kowa wa'adin shiri ba. A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta buɗe ta Illela ba sai Disambar 2020. Ana cikin haka korona ta shigo a watan Maris na 2020, aka killace Yamai ba shiga ba fita, aka hana taron da ya wuce mutum 50. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar CEDEAO ta sa takunkumi, aka sake rufe iyaka tsakanin Ƙonni da Illela har zuwa Maris na 2024. Gadar Gaya da Malanbil kuwa, wadda 'yan ci-ranin Kwatano da Lome suka saba bi, ta ci gaba da zama a rufe ko bayan an janye takunkumin. Sai mutum ya sauka da kayansa, ya shiga kwale-kwale, ya nemi wata mota a ɗaya gaɓar. Kowane sauka da hawa kuɗi ne, kuma lokaci ne. Saurayin da ya lissafa kwanakinsa daidai-wa-daida don ya iso ranar jajibiri, lissafinsa ya rushe tun a bakin kogi.

Na uku mota da mai. Manyan bas-bas na bin kwalta, su ajiye ka Madawa ko Tsarnawa ko Tawa. Daga nan kuma sai abin da ka samu. Ƙauyuka da yawa na bayan Buza da Keita ba su ganin mota sai ranar kasuwa. In bas ta yi latti da rabin yini, motar kasuwa ta tashi ta bar ka, sai ka nemi ɗan kabu-kabu, shi kuma ya ga idonka ya ga anko, ya ninka kuɗi. Tun da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023, man 'yan ruwa-ruwa da garuruwan bakin iyaka suka dogara da shi ya yi tsada. A watan Maris na 2025 kuma an yi ƙarancin mai a ƙasa, dogayen layuka suka cika gidajen mai, daidai lokacin azumi, mutane na shirin tafiye-tafiyen salla.

Na huɗu tsaro. Tun daga 2021 dubban 'yan uwanmu daga yankin Sabon Birni suka yi gudun hijira zuwa Bangi saboda 'yan bindiga. Akwai hanyoyin bakin iyaka da a da ake bi da dare a kan babur ba fargaba, yanzu mai hankali ba ya bin su in rana ta faɗi.

Na biyar kuma, sau da yawa sauyin daga gidan biki yake fitowa. An yi rasuwa a dangin amarya, dole a ɗaga. Kayan ɗaki ba su kammala ba, uwar amarya ta nemi a ƙara mata mako biyu. Shi kansa ango ya maƙale a Sabha ko Tamanrasat bai samu fitowa ba. Ko kuma an ce "kwana uku bayan salla", wata ya zo da nasa hukunci. A 2024 Nijar ta yi ƙaramar salla ranar Talata 9 ga Afrilu, Najeriya ta yi ranar Laraba 10 ga wata. Abokin da ke Kano ya ƙirga kwana uku daga tasa sallar, ya iso ya tarar an shafa fatiha tun jiya.

Duk waɗannan, jama'a, ba laifin matafiyi ba ne. Kana naka Allah na nasa. Laifi na farawa ne daga abin da mutum ya yi bayan tafiyar ta sauya.

Mu fara da kunya. A bakin ƙorama in ta cika, ku saurari abin da fasinjoji ke cewa. Direba ya tsaya ya kashe mota, sai ka ji wani daga baya: "Haba direba, wannan ɗan ruwan? Bayan azahar za a ɗaura, mu tafi, Allah na nan!" Wani ya ƙara da cewa, "Jiya ma wane ya wuce da tasa." A hankali a hankali har a zuga direba ya ji kamar tsayawarsa ragwanci ce. Alhali ruwa mai gudu da ya kai gwiwa ya isa ya kayar da ƙato, ya isa ya ɗaga ƙaramar mota. Kuma ba wanda ke ganin abin da ke ƙarƙashi. Wurin da aka bi jiya, yau ruwa ya kwashe rairayin ya bar rami. Abin takaici, irin wannan ruwa sau da yawa awoyi kaɗan yake yi ya janye. Wato mutum ya sayar da ransa don ya ƙi jiran abin da bai wuce tsakanin azahar da magariba ba.

Wannan kunya ce kuma ke sa a cusa mutane cikin mota fiye da ƙima, wasu bisa kaya, don "ba a barin kowa". Ita ke sa samari uku su hau babur ɗaya da dare ba fitila. Ita ke sa a bi ɓarauniyar hanya cikin daji in an rufe iyaka, a faɗa hannun wanda ba a so. Ku tambayi ma'aikatan asibitin Madawa da na Galmi irin waɗanda ake kawo musu a lokutan bukukuwa. Allah na nan, gaskiya ne. Amma Allahn da muke dogara gare shi, shi ya ba mu hankali, shi ya hana mu jefa kanmu cikin halaka. Ba angon kirki da zai so a ce ranar aurensa ce ranar zaman makokin abokinsa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Sai ƙarya da shiru, waɗanda wayar salula ta sauƙaƙa mana. Ango ya kira: "Abokina, kana ina?" Sai a ce masa, "Ga ni nan bisa hanya, yanzu muka wuce Doso." Alhali mai maganar yana zaune a Yamai, ya san tun shekaranjiya ba zai je ba, ko don maigidansa ya hana shi hutu, ko don kuɗin da yake jira ba su shigo ba. Bayan awa biyu ya kashe waya. Shi a ganinsa ya kauce wa kunya. To ku dubi abin da ya bari a baya. Ango ya tura yaro da babur ya je tasha ya yi ta jira. An ajiye wa abokin abinci da wurin kwana. Ba a ba kowa aikinsa ba, don ana cewa yana tafe. Dare ya yi waya ba ta shiga, sai hankali ya tashi. Mahaifiyar abokin ta ji an ce ya taso bai iso ba, ta kwana ba ta runtsa ba. A fara kiran direbobi, a fara tambaya ko an yi hatsari tsakanin Dogon Dutsi da Ƙonni. Gidan biki ya koma gidan zullumi saboda mutum ɗaya ya kasa furta kalma huɗu: ba zan samu ba.

Da ya kira tun da wuri ya ce, "Ango, ka yi mini aikin gafara, ga halin da nake ciki, ka ba ƙanena aikin da ka tanadar mini, ga gudummawata nan na turo," da ran ango ya ɓaci na yini ɗaya, ya wuce. Amma wanda aka yi wa ƙarya ranar aurensa ya daɗe bai manta ba, kuma ko ka faɗa masa gaskiya nan gaba sai ya auna ta.

Addininmu bai tsananta mana a nan ba. A mazhabar Malikiyya da muke bi, aure na ƙulluwa da waliyyi da sadaki da siga da shaidu biyu adilai. Zuwan aboki ba ya cikin sharuɗɗa. Kai, shi kansa ango ba dole ne ya kasance a wurin ba. Wakili ke karɓa masa, kuma mun sha gani an ɗaura wa ɗan ci-rani aure a Tamaske ko Allakai yana Abijan, sai a waya zai ji an shafa fatiha. In har shari'a ta yarda ango ya wakilta, ina ga abokinsa? Gaskiya ne amsa gayyatar walima haƙƙi ne mai ƙarfi tsakanin Musulmi, malamai da yawa ma sun ce wajibi ne ga wanda aka kira da sunansa. Amma su malaman ne kuma suka ce uzuri na sauke shi, irin su rashin lafiya da ruwa mai yawa da tsoron hanya. Abin da ba su taɓa ba wa uzuri ba shi ne ƙarya da saɓa alkawari da gangan. Wanda hanya ta hana bai saɓa alkawari ba. Wanda ya ce yana Doso alhali yana ɗakinsa, shi ne ya saɓa.

A wannan fanni mata sun fi mu dabara, ya kamata mu koya. Tafiyar mace ta fi ta namiji saurin rushewa. Ta nemi izini an ba ta, ana gobe tafiya yaro ya kwana da zazzaɓi, ko maigida ya ce a bari, ko surukuwa ta kwanta. Amma da wuya ka ji mace ta yi shiru. Nan take za ta nemi mai zuwa, ta damƙa mata bikinta, turmin atamfa ne ko kwanoni ko 'yan jikkuna, ta ce, "Ki kai wa Inna, ki ce mata wance na gaishe ta, ga abin da ya tsare ni." A can kuma a rubuta, ko a riƙe a ka, don biki bashi ne, ranar nata za a rama. In ƙura ta lafa ta shirya ta je ganin ɗaki, ta yini, ta yi wa amarya kitso, su yi hirar da ba za ta yiwu ba cikin hayaniyar biki. Zumunci ya tsaya da ƙafarsa, ba wanda ya shiga ruwa, ba wanda ya yi ƙarya.

Saboda haka ga shawarata ga mai shirin tafiya. Ba a fafe gora ranar tafiya. In bikin na damina ne, ko akwai iyaka tsakaninka da gida, ka ƙara kwanaki bisa lissafinka, kada ka sa isowarka ta zama ranar ɗaurin aure. Kafin ka yanki tikiti ka kira wani dattijo na gidan, ba ango kaɗai ba, ka tabbatar ranar ta zauna, kuma a faɗa maka sunan ranar da kwanan wata, kada a bar ka da "bayan salla". Ka tambayi kamfanin sufuri tun a wurin biya ko suna yarda a sauya rana. Ka san ranar kasuwar da mota ke shiga ƙauyen. Ka ware kuɗin ko-ta-kwana dabam da gudummawa, don kada kwanan tasha ya cinye abin da ka tanadar wa ango. In kai ne babban aboki, ka sa a san mataimakinka tun kafin ka taso. In kuwa tafiya ta ƙi, ka faɗa a ranar da ka sani, da bakinka, ba ta bakin wani ba. Yau ga kamfanonin aika kuɗi irin su NITA da Amana da Al Izza, kuɗi na isa Madawa da Buza da Keita kafin ka ajiye waya. Ka haɗa da wani abu daga kuɗin motar da ba ka kashe ba, domin a makon biki ya fi yi wa ango amfani. Sannan ka sa ranar da za ka je barka da arziki, kuma ka cika. Alkawari kaya ne.

Ku kuma masu biki, iyaye da angwaye, kuna da naku. In kuna son na nesa su zo, ku dube su wurin sa rana. Tsakiyar Agusta ba lokacin kiran mutum daga Lome zuwa ƙauyen da ke bayan ƙorama uku ba ne. In akwai dalilin gaggauta aure, a ɗaura shi da waɗanda ke kusa, a bar shagali da taron abokai sai kaka, kamar yadda gidaje da yawa ke yi. In kuka matsar da rana, ku sanar a ranar da kuka yanke, kada ku jira sai mutum ya kira daga tashar Tsarnawa. Ku tura saƙon murya ta WhatsApp, ku kira waɗanda ba su da ita, ku ba da sanarwa a gidan rediyo saboda ƙauyukan da ke cikin kwari inda waya ba ta kamawa. Ku tuna wanda ya taso daga Abijan ya bar sana'arsa, ya kashe kuɗin da ya daɗe yana tarawa. In kun ɗaga biki bayan ya iso, ku ba shi haƙuri da kyau, kada ku ce masa "ai sai ka jira" kamar ba shi da abin yi.

Kai kuma ango, in abokinka ya kira ya kawo uzuri, ka karɓa. Kada ka ce masa, "Ko ta halin ƙaƙa sai ka zo." Wannan kalma ita ce ke tura mutane cikin ruwa. Ka ce masa, "Zauna inda kake, lafiyarka ta fi mini." Kada ka auna abotar shekaru da yini ɗaya. Wanda ya ba ka tabarma a ɗakinsa lokacin da ka sauka baƙo a Kwatano, ya raba abincinsa da kai kafin ka samu aiki, bai zama maƙiyinka ba don gada ta rufe.

Direbobi, ku ne shugabanni a cikin mota. In kun ga ruwa ya fi ƙarfi ku kashe mota ku cire makulli, duk mai gaggawa ya yi ta faɗa. Gara a zage ku a kan tudu da a yi muku salla a bakin kwari. Hukumomi kuma muna roƙo: a dubi mashigan ruwa da ke kan hanyoyin Madawa da Buza da Keita, a yi gada inda ya kamata, a kafa sanduna masu nuna zurfin ruwa inda ba a kai ga gada ba, a sa jami'ai su tsare hanya in ƙorama ta cika, a kuma riƙa ba gidajen rediyo hasashen ruwan sama da Hausa da Tamajak kullum cikin damina.

Jama'a masu saurare, halartar auren aboki abu ne mai kyau, duk wanda ya samu hali ya je, kada ya fake da uzurin da babu shi. Wanda kuwa hanya ta ƙi masa, ya tsaya, ya faɗi gaskiya da wuri, ya aika da abin da ya sawwaƙa, ya je daga baya. Wanda aka kawo wa uzuri ya karɓa da zuciya ɗaya, domin gobe shi ne a bakin hanya. Allah ya ba angwaye da amare zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba, ya kai matafiya gida lafiya.